Ramar Baba Firij

Ni direba ne. Shekara ashirin da uku na yi ina tuƙa babbar motar wani kamfani mai kwashe wa mutane kaya idan za su sauya gida, kuma sha tara daga cikin shekarun nan tare da Firij na yi su. Ni ina kan sitiyari, shi yana gefena ya cika kujera ɗaya da rabi, gwiwarsa tana tokare mini hannu duk lokacin da zan sauya giyar motar.

A watansa na farko ya samu sunan. Wata mata ce za ta tare a hawa na biyar, benen babu lif, matakalar kuma matsattsiya, mutum biyu ba sa iya shan kwana da kaya a cikinta. Ma'aikata uku suka tsaya suna ta shawara a kan wani firij mai ƙofa biyu. Shi kuwa sai ya matso. Ya zagaya masa maɗauri, ya ba shi baya, ya durƙusa, ya miƙe da shi. Muna biye muna jin hucinsa har sama. Da ya dire shi a kicin, sai ya tambayi matar ko an manta da wani abu a ciki, don shi fa yunwa yake ji. Daga ranar babu wanda ya sake kiransa da sunansa na gaskiya. Da furfura ta zo, sai sababbin ma'aikata suka ƙara masa Baba a gaba.

Ba ƙarfi kaɗai gare shi ba, ya iya aikin. Zai kalli kabad, ya kalli ƙofa, ya ce a kwantar da shi ta hagu, kuma ta hagun zai wuce ko fenti bai goga ba. Ban taɓa ganin ya fasa madubi ba. Tafin hannunsa kamar shebur yake, idan ya gaisa da kai sai ka duba yatsunka. Cinsa ma haka. Da safe burodi biyu, ƙwai shida, shayi kuma a jug yake sha, ya ce kofi na masu aikin ofis ne. Duk abin da ya ci, kafin la'asar matakala ta karɓe abinta. A lokacin babu tumbi a jikinsa, nama ne kawai a murɗe.

Matarsa kuwa siririya ce, doguwa, marar magana. Allura yake kiranta, a gida da waje. Ba mai duka ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga mata hannu ba. Da dariya yake yin nasa. Idan mun je gidansa cin abinci, zai ce a rufe taga kada iska ta tafi masa da mata. Zai ce da ya san haka take da bai sayi gado ba, akwatin ashana ya ishe ta. Mu yi ta dariya, ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Ita sai ta ɗan yi murmushi ta kwashe kwanuka. 'Yarsu guda ɗaya, tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ita ba ta taɓa yin dariyar ba. Uwata yake kiranta, kuma yana ji da ita fiye da komai, sai dai bai taɓa lura da irin kallon da take yi masa ba.

Yarinyar tana da shekara sha shida ciwo ya kama uwar a hanji. Wata biyu ta yi a asibiti. Kullum bayan makaranta yarinyar za ta dafa abinci mai laushi, ta zubo a kula ta kawo. Uwar za ta ci cokali biyu ta kau da kai. Mu kuma sai mu biyo daga aiki, Firij a gajiye, da yunwar mutumin da ya hau bene sau talatin. Zai jawo kular ya ce ai kada a yi asara, Allura cin tsuntsu take yi, ya share kwanon tas a bakin gadon, yana ba majinyatan ɗakin labarin abin da ya ɗauka ranar. Wata nas ta taɓa ce masa ya riƙa barin abincin, a ba ta kaɗan-kaɗan duk bayan awa, saboda jikinta ba shi da abin da zai yi yaƙi da shi. Ya ce mata ai tun da ya aure ta haka take, ƙashi da rai, kuma ba ta mutu ba. Sati uku bayan nan ta rasu. Ya yi kuka sosai, har sai da na riƙe shi. Ni na yarda yana sonta. Yarinyar ce ba ta yarda ba.

Ya ci gaba da aiki har ya kai shekara sittin da ɗaya, sannan gwiwarsa ta dama ta ce ta gaji. Aka ba shi aikin zama a ma'ajiyar kamfanin, ya yi wata biyar ya ce shi ba zai iya gadin kwalaye ba, ya koma gida. Aikin ya tsaya, cin bai tsaya ba. Cikin shekara huɗu ya yi tumbi, wuyansa ya ɓace, idan ya ɗaure takalmi sai ya huta. Duk da haka yana fita. Kullum da hantsi zai sauko ya zagaya unguwa yana ɗingishi, ya taya mai shago sauke katan-katan na ruwa, ya ɗaga wa makaniki injin da yaransa suka kasa. Ni ma na bar aiki a lokacin, don haka kusan kullum muna tare a bencin ƙofar shagon.

Wata rana jiri ya ɗebe shi a titi. Aka kai shi ƙaramin asibitin unguwa, aka ce jininsa ya hau, sugansa ma yana bakin iyaka. Ina wurin likitan ya yi magana. Ya ce ya rage zaƙi da gishiri, ya ɗan rage nauyi a hankali, kuma kada ya daina tafiya ko da kwana ɗaya. Uwata tana wurin ita ma. A lokacin ta yi aure, tana aiki a wani babban kantin magani, mijinta kuma ma'aikacin ofis ne, mutum mai sanyi wanda ba ya musu da ita. Ta ce Baba ba zai ƙara zama shi kaɗai ba, zai koma wurinta. Kowa ya yaba. Ni kaina na ce masa ya yi sa'ar 'ya.

Gidansu a hawa na uku yake. Ta ba shi ɗaki mai kyau, da labule sabo, da talabijin. A baranda ta ajiye sikeli, ta rataye kalanda a samansa. Ranar farko ya hau, ta rubuta kilo ɗari da sha takwas. Duk ranar Asabar da safe sai ya hau, da singileti, kafin ya sa komai a bakinsa, ita tana tsaye da biro.

Abincinsa ya koma kabeji, da kokwamba, da wani romo fari wanda kana ganin gindin kwano ta cikinsa. Babu burodi, babu shinkafa sai cokali uku, nama sau ɗaya a mako, ƙwai kuwa ta ce maiƙo ne zalla. Da ta gane yana tashi ya buɗe firij idan sun fita aiki, sai ta sa aka kulle firij ɗin da kwaɗo. Shi da kansa ya nuna mini yana dariya, ya ce ka ga yadda duniya take, an kulle mini ɗan'uwa. Da ta ji labarin yana sauka ya ci burodi a shagon ƙasa, sai ta hana shi sauka. Ta ce matakala za ta ƙarasa masa gwiwa. Idan za su fita, sai ta kulle ƙofar waje ta tafi da makulli. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, tafiyarsa ke nan ta yini.

Nauyin ya fara zubewa. Ta riƙa ɗaukarsa hoto a kan sikelin, ta jera na da da na yanzu, ta tura wa ƙawayenta da dangin mijinta. Suna ta sa mata albarka, wasu na neman ta rubuta musu tsarin don nasu iyayen. A wata na huɗu na je, na ga tumbin ya sauka, na ce masa ya koma saurayi. Ya ce to. Ban ji daɗin yadda ya faɗi to ɗin ba. Da zan tafi na miƙa masa hannu, na shirya wa matsar da na saba, sai na ji hannun ya kwanta a cikin nawa kawai.

A wata na shida ya roƙe ni in buɗe masa robar ruwa. Na ɗauka wasa yake yi. Ya juya murfin a gabana, yatsunsa suka zame. Fatar damtsensa tana reto kamar rigar da aka shanya. Ya ce mini da yamma ƙafafunsa sanyi suke yi, kuma idan ya zauna a kujera sai ya yi lilo sau uku kafin ya iya tashi. Na ce ya gaya mata. Ya ce ya gaya mata, ta ce jiki ne yake sabawa. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, ko zan iya zuwa masa da ƙwai.

Na riƙa kai masa dafaffen ƙwai huɗu a aljihun jaket duk ranar Lahadi, ranar da suke gida ƙofa a buɗe. Yana ci da sauri yana kallon ƙofa, ni ina kwashe ɓawon ina mayarwa aljihu. Mun yi sati biyar haka. A na shida ta shigo da shayinsa marar suga, ta tarar da shi da rabin ƙwai a baki. Ta ajiye kofin. Ta miƙa tafin hannunta a ƙarƙashin haɓarsa, ta tsaya. Mutumin nan mai shekara sittin da shida ya tofa mata. Sannan ta ce in zo baranda.

Na ce mata, 'yata, wannan abin ya yi yawa, mutumin nan yana narkewa. Na ce likita ma cewa ya yi a hankali, kuma ya riƙa tafiya. Ta ce ita a kantin magani take aiki, kullum tana ganin abin da ƙiba take yi wa mutane, ba direba ne zai koya mata ba. Na ce yunwa yake ji.

"Kawu, yunwa?" ta ce. "Yanzu kuka san ana jin yunwa? Kana tsaye a wurin lokacin da yake cinye abincin Mama a bakin gadonta. Dariya kake yi. Ni nake dafawa, ni nake wanke kular. Ni dai ban cinye nasa ba, lafiyarsa nake nema."

Ta ce idan ba zan iya zuwa hannu rabbana ba, in yi zamana a gida. Na yi fushi na sauka. Na ce a raina yarinyar da na ɗauka a kafaɗa ba za ta kore ni in dawo ba. Wata bakwai ban taka gidan ba. Ya kira ni a waya sau biyu, muka yi gaisuwa sama-sama, na ji muryarsa ta yi siriri, na ce layin ne ba kyau. Wannan wata bakwai ɗin nawa ne, ba na kowa ba.

Mijinta ne ya kira ni wata Talata da yamma, ya ce Baba yana babban asibiti. Da safe, bayan sun fita, ya shiga banɗaki, ƙafarsa ta zame a kan tayil, ya faɗi ta gefen dama. Ƙashin kwatangwalo ya karye. Wayarsa tana ɗaki. Ya kama bakin baho zai ja jikinsa, hannun ya kasa. Ya yi ta kira, maƙwabciya ta ji, amma ƙofa a kulle take, makulli yana jakar Uwata, ita kuma ta kashe waya tana wani taro. Daga ƙarfe takwas har ƙarfe uku yana kwance a jiƙaƙƙen tayil.

Da na shiga ɗakin majinyatan washegari, na wuce gadonsa. Na kai ƙarshen ɗakin na dawo ina duba fuskoki, sai na ji an ce, Direba. Wani ɗan tsoho ne a ƙarƙashin bargo, kuncinsa ya faɗa, ƙasusuwan wuyansa a waje, agogonsa ya zame har tsakiyar hannu. A takardar da ke ƙafar gadon an rubuta kilo saba'in da shida. Ya ce in zauna, na zauna. Bai yi mini maganar wata bakwai ba, ni ma ban yi ba.

Likitar da ke duba shi mace ce, ba ta wuce sa'ar Uwata ba. Ta zo da wani ƙarfe mai allon lamba a jiki, ta ce Baba ya matse da iya ƙarfinsa. Ya matse har jijiyar goshinsa ta fito. Ta duba, ta ce ya sake, ya sake. Ta tambaye shi ko yana iya tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba, ya ce ya kwana biyu bai iya ba. Ta tambayi nawa yake a bara war haka. Uwata ce ta amsa, da ɗan alfahari a muryarta, ta ce ɗari da sha takwas, kuma duk ita ta sauke shi cikin wata goma sha uku. Likitar ta ɗago ta kalle ta, sannan ta ce mu fito waje.

A baranda ta yi mana bayani, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce dole a yi tiyata, in ba haka ba ba zai sake tashi ba, amma tana tsoron abin da zai biyo baya. Ta ce tsoho idan ya rame da sauri a zaune, ba kitse kaɗai yake tafiya ba, nama ne yake fara tafiya, na cinya da na baya da na ƙirjin da ake tari da shi. Ta ce bayan tiyata jiki daga ajiyarsa yake ci don ya ɗinke kansa, shi kuma ajiyar an riga an share ta. Uwata ta ce amma ai duk duniya an san ƙiba tana kisa. Likitar ta ce gaskiya ne tana kawo ciwuka, kuma da an rage masa kaɗan yana tafiya yana cin abin da ke gina jiki, da ya amfana.

"Amma a wannan ɗakin," in ji ta, "ba masu jiki ne suka fi ba ni tsoro ba. Wanda ya kasa matse mini hannu, shi nake tsoro."

Uwata ta ce a rubuta cewa jininsa ya sauka, sugansa ma ya daidaita, ita ta yi wannan. Likitar ta ce za ta rubuta.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tela, ɗan shekara saba'in, gajere, mai tumbi kamar randa. Shi ma kwatangwalo ya karya, a kan matakalar shagonsa. Rana ɗaya aka yi musu aiki, tela da safe, Firij da azahar. Na ga yadda aka mayar da su gado: tela sai da mutum huɗu suna nishi, Firij kuwa nas biyu mata suka ɗauke shi da zanin gado kamar za su ninke shi.

Kwana biyu da yin tiyatar, tela ya tashi zaune. A na huɗu ya miƙe da ƙarfen koyon tafiya, yana zagin mai koya masa, yana takawa. Matarsa, mace mai murya, tana zuwa da kuloli uku, ta buɗe su ɗakin ya cika da ƙamshin nama. Tela yana ci yana surutu. Ya ce shekara talatin likitoci suna ce masa tumbin nan zai kai shi kabari, ga shi tumbin ne ya tare masa ƙasa da ya faɗi. Ya leƙo ya ce wa Firij, maƙwabci, kai kam ko sauro ya cije ka sai ya nemi ƙari a wani wuri. Ɗakin ya yi dariya. Firij ya ɗan motsa baki kamar zai yi murmushi. Na san irin wannan murmushin, na taɓa ganinsa a wata fuskar, sai na sunkuyar da kai.

Yanzu kuma sai aka ce ya ci. Likitar ta rubuta masa madara mai kauri ta gwangwani, da ƙwai, da nama, duk bayan awa biyu. Uwata ta sayo komai, katan guda, ta jera a kan durowar gefen gado inda kowa zai gani. Amma cikin ya riga ya tsuke. Cokali uku sai ya ce ya ƙoshi, na huɗu ya dawo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk lokacin da na kai masa cokali baki, idan tana ɗakin, sai ya fara kallonta tukuna. Sai ta ce ci mana, Baba, sannan ya buɗe baki. Wata rana ta gaji ta ce da gangan yake yi don a ce laifinta ne. Ya ce a'a, Uwata, wallahi ba ya shiga ne.

Mai koyar da tafiya ya zo masa sau biyar. Mutum biyu suka ɗaga shi, ƙafafun suka lanƙwashe kamar igiya. A karo na biyar ya ce a ƙyale shi. Da ya daɗe a kwance, bayansa ya fara gyambo a inda ƙashi ke gugar katifa, don babu naman da zai shiga tsakani. A kwana na tara zazzaɓi ya zo, ƙirjinsa ya cika. Nas ta riƙa ce masa ya yi tari da ƙarfi ya fitar, shi kuma sai wani ɗan sauti ya fito kamar na mage. Aka sa masa robar iska a hanci, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka yi ta neman jijiya a hannun da a da jijiyoyinsa ake gani daga nesa.

Ranar sha biyu aka sallami tela. Ya zagaya gado-gado yana sallama, yana dogara sanda. Da ya zo namu, ya dubi gwangwanayen madarar, ya ce tunda maƙwabci ba ya sha, ko za a ba shi biyu ya tafi da su. Uwata ba ta nan. Firij ya ɗaga yatsa ya ce in ba shi. Na ba shi huɗu.

Daga nan hankalinsa ya fara zuwa yana tafiya. Wani lokaci ya san ni, wani lokaci ya ɗauka muna bakin aiki, ya ce in matso da motar kusa da ƙofa, ya ce a kula da kwanar nan. Wata safiya da ya dawo hayyacinsa, ya ce in matso. Ya tambaye ni ko ya yi wa matarsa mugunta. Na yi niyyar in ce a'a. Na ce, ka yi, ni ma na taya ka. Ya rufe ido, sannan ya ce shi wasa ya ɗauka. Na ce na sani. Ya ce kada in gaya wa Uwata ya tambaya. Ban gaya mata ba, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba.

A rana ta sha tara da tiyatar Firij ya rasu, wajen ƙarfe goma na safe, ana goge ƙasan ɗakin. Uwata ta tafi kanti ta leƙa aiki, ta ce za ta dawo da azahar. Ni kaɗai ne a wurin, da mai gogen da ta tsaya da sandarta har nas ta zo ta ja labule. Likitar ta ce mini aikin da aka yi a ƙashin ya yi kyau, har ya fara kamawa.

Bayan kamar shekara na haɗu da telan a bakin titi, yana zaune a ƙofar shagonsa yana yanka yadi, tumbin yana nan har ya ƙaru. Na gaishe shi, na tuna masa asibiti, na ce ni ne abokin na kusa da gadonsa. Ya yi ta tunani, sannan ya ce, au, wannan ɗan ficicin tsohon? Ya ce ai shi tun ranar farko ya san ba zai fita ba, irin waɗannan da ma can ba su da ƙwari tun suna yara. Na buɗe baki zan yi masa bayani, sai wani ya zo karɓar ɗinki, ya juya gare shi.

Uwata kuwa tana gaishe ni yanzu, har takan kira ni in je. Na je sau ɗaya. Akwai baƙi a falon, ƙawayenta biyu da wata gwaggon mijinta, aka zo kan maganar Baba. Ta ce musu ƙiba ce ta kashe shi. Ta ce shekarun da ya yi yana ɗauke da wannan nauyin sun riga sun cinye masa zuciya da ƙashi, ita ta yi iya ƙoƙarinta, sai dai ya zo hannunta a makare. Gwaggon ta ce Allah ya saka mata, ba kowace 'ya za ta iya ba. Sai Uwata ta juyo ta ce, ga Kawu nan, a gabansa aka yi komai, ko ba haka ba ne, Kawu?

Duk suka zuba mini ido. Na ce haka ne. Ta zuba mini shayi, ta turo mini faranti, na sha na ci, na yi musu sallama na sauka.